Rasuwar Malejin Jirgin Wendell Hruska

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani nauyi da ba baƙin ciki kaɗai ba, ƙungiyar masu ƙera jiragen sama ta Cotter Flat, a madadin ɗan'uwanmu Wendell Hruska, na sanar da rasuwar malejin gudu na jirginsa, wanda ya cika ranar Lahadi bayan an taso coci.

Marigayin ya zo hannun Wendell tun jirgin yana tulin ƙarafa a gareji. A kasuwar tsofaffin kaya ya tsince shi, ya goge gilashinsa da gefen riga, ya ba shi wuri a tsakiyar allon gaban matuƙi, daidai saitin ido. Tun daga ranar bai taɓa saɓa wa maigidansa ba. Mai kawaici ne, mai faranta rai. Idan jirgi na yin mil ɗari da casa'in da biyar a awa, shi ɗari biyu da goma sha biyar yake nunawa. In Wendell ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, ƙwas-ƙwas, allurar takan yi rawa, ta ɗan ƙara masa wani abu a kai.

Duk ƙarshen tseren jirage na ƙungiya, Opal Tidwell mai riƙe agogo takan raba nisa da lokaci ta faɗi sakamako, Wendell kuma ya cire hula ya buga a cinya.

"Iska ce ta tare ni, Opal!"

"Tsoho, agogona bai san iska ba. Ka tashi na danna, ka iso na danna. Je ka sha kofinka."

A yi wa Wendell adalci, uzurorinsa duk gaskiya ne. Abin da iska ta ƙwace a tafiya ba ta mayar da shi duka a dawowa. Kwana mai faɗi tafiya ce da ba a lissafa ta. Ƙwarin da suka mace a kan fiffike ma suna cin nasu rabon. Sai dai in an tara su gaba ɗaya ba su kai mil ashirin ba, kuma mutum ba ya son jin haka daga bakin kowa alhali amininsa na gabansa yana faɗa masa akasi.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Zanzaro ne ya gina ɗaki a bututun da ke kai wa marigayin iska daga ƙarƙashin fiffike. Wendell, cikin ƙauna da gaggawa, ya kafa wa bututun tiyon injin hura iska, ya manta bai cire malejin ba. Aka ji fiiit, sannan ɗan ƙas. Allurar ta zagaye fuska ɗungurungum, ta nuna gudun da jirgin bai taɓa mafarkinsa ba, ta tsaya nan.

Ya rasu ya bar ƙanensa, ma'aunin zafin inji, wanda ke zaune a lungun allo ba mai kula shi. Ya bar Marvella, matar Wendell, wadda ta ce a binne shi da zurfi. Ya kuma bar magaji, sabon maleji daga kamfani, marar ladabi, wanda tun tashin farko ya nuna ɗari da casa'in da biyar ya ƙi motsi, ko an ƙwanƙwasa.

Wendell bai yarda tsohon ne ya ƙara ba. Shi a ganinsa jirgin ne ya rasa mil ashirin, kuma ya shiga nemansu. Ya tsuke kafofin da ke shigar wa inji da iskar sanyaya. Ya rage man da inji ke sha har muryarsa ta sirance. Jiya ya sauko murfin injin na ƙauri, ma'aunin zafi kuwa an liƙe rabin fuskarsa da salatif. Malamin tuƙi na ƙungiya ya zaunar da shi a inuwa, ya bi masa lissafin daki-daki, har ya tuna masa cewa ranar zafi maleji mai gaskiya ƙasa yake nunawa, inji kuma ƙarfinsa raguwa yake.

"Malam, ka gama?" in ji Wendell. "Ni na ɗaure kowane noti a jikinsa. Ranar Asabar zan ga lambata, ɗari biyu da goma sha biyar."

Tseren Asabar da tsakar rana za a yi shi, kuma masu hasashe sun ce za a yi zafi.

Jana'iza ranar Juma'a da safe, a gonar Emil Novosad, wadda ita kaɗai ce shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da jirgi zai iya saukar gaggawa a kai tsakanin kwana ta biyu da ta uku a hanyar tsere. Za a ɗauki gawar a ƙafa tun daga shingen kudu har na arewa, a hankali, mai makoki a gaba. Za a tsaya addu'a a bakin lambatun da ciyawa ta rufe, a sake tsayawa a ƙarƙashin wayoyin lantarki, kuma ana roƙon kowa ya ɗaga kai ya dube su sosai, musamman Wendell. Bayan binnewa akwai gasasshen naman sa da burodi a rumfar jirage. Ba a bukatar furanni.

Emil ya amince zai kwashe shanunsa daga gonar, ya bar ƙofar a buɗe, faɗin mota, har yammacin Asabar.