Ɗigon Ustaz Muzaffar

Allah ya yi wa Basra baiwa uku: dabino, kogi, da Ustaz Muzaffar. Biyun farko ba su iya yabon kansu ba, shi ya sa har yau ba a san darajarsu sosai ba. Na ukun kuwa, Allah ya saka masa, bai bar mu cikin duhu ba.

Rabin rayuwarsa a ofishin kwastan na tashar jiragen ruwa ya yi shi, yana buga hatimi a takardun da bai karanta ba. Da ya yi ritaya sai ya gano ashe duk horo ne aka yi masa don ya zama masanin hatimi. Ya shigo ƙungiyarmu ta masu tara tsofaffin kwabban jan ƙarfe, wadda ke zama duk Alhamis a shagon shayin Hajji Tu'uma. Kafin mu haddace sunansa ya naɗa kansa shugaba. Muka raɗa masa Limamin Tagulla. Ya ji, ya kuma yi mana godiya.

Kwabon zamanin da, da hatimin ƙarfe ake buga shi, hatimin kuma sassaƙar hannu ce. Wani kwabon tauraron da ke jikinsa ya karkace, wani ya tsage. Duk wanda ya fara gano irin wannan bambanci, sunansa ake sa wa nau'in, kuma wannan suna shi ne abin da Ustaz ke mafarki ido biyu. Akwai kuma bugun baya, wanda aka sake bugawa da tsohon hatimi bayan sarkin da zamaninsa duk sun shuɗe. Ustaz na jin warin bugun baya daga nesa, muddin kwabon ba nasa ba ne.

Wata rana Hajji Tu'uma ya kwance ƙyalle, ya nuna masa kwabon da ya gada daga kakansa. Ustaz ya ɗan leƙa.

"Bugun baya ne, Hajji. Kakanka mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, amma an yi masa wayo. Ga teburin can yana rawa, saka masa a ƙarƙashin ƙafa."

Tsohon ya naɗe ƙyallensa. Abin ya yi mini ciwo, don na ga idonsa.

Dokar Limamin Tagulla kuwa ba ta da sassauci. Ba a wanke kwabo, ba a goge shi, ba a taɓa shi, ba a numfashi a kansa.

"Dauɗar kwabo ita ce furfurarsa," in ji shi. "Wa ya taɓa wanke wa dattijo furfura da lemon tsami? Jahili kaɗai."

Shi dai ya keɓe kansa daga dokar, domin kullum da safe yakan jera kwabbansa a gefen faranti, yana tsoma gurasa cikin zumar dabino da niƙaƙƙen riɗi, yana yi musu lacca. A irin wannan safiya ce duniya ta girgiza. A jikin wani kwabo da aka buga a Bagadaza zamanin Turkawa, dab da tauraro, ya ga ɗigo. Ƙarami, mai tudu, launinsa sak na tsohon jan ƙarfe. Ya duba littattafai, babu wanda ya taɓa ambatonsa.

"Mai sassaƙar nan ya san wata rana za a haifi mutum mai ido," ya faɗa mana ranar Alhamis, yana nuna mana hoto kawai. "Ni ya bar wa saƙon. Wasu za su mutu su bar 'ya'ya, wasu gonakin dabino. Ni ɗigo zan bari. Amma ku nuna mini ɗigon da ya taɓa mutuwa."

Kwabon ya samu akwatin karan-miski da ɗakin da ke da na'urar sanyi. Matarsa, Umm Ragad, ta koma kwana a ɗakin baƙi, aka kuma hana ta soya kifi, wai hayaƙi na ɓata tarihi. Ya buga katin gayyata, an rubuta "Nau'in Muzaffar" da ruwan zinare. Abu ɗaya ya rage: Dakta Wijdan, babbar masaniyar kwabbai, ta zo daga Bagadaza ta gani da idonta, don sai da amincewarta suna ke zama.

Ranar da ta zo shagon ya cika. Hajji Tu'uma ya ajiye tiren baklawa, wani kayan zaƙi, a ƙarshen tebur. An kafa na'urar da ke haska hoto a bango, da fitila mai zafi a saman akwatin. Ustaz ya sa farar safar hannu, ya umarce mu duka, har da baƙuwar, mu goya hannu a baya.

"Duk wanda ya miƙo yatsa ko ya hura iska, na kore shi daga ƙungiya. Ko ni kaina na yi, ku kore ni."

Ya buɗe. Kwabon ya cika bango, ɗigon ya fito kamar goro. Ustaz ya juya mana fuska, ya ba bango baya, ya shiga tarihin zuriyarsa tun daga kakan da ya fi kowa gani a Basra. Yana kan kaka na biyu sai wata dabba mai girman jaki ta shigo hoton daga gefe, tana kaɗa ƙaho. Kiyashi ne, ya baro baklawa. Ya wuce rubutun sarki bai gaishe shi ba, ya tsaya a kan ɗigon, wanda zafin fitila ya sa ya fara ƙyalli.

Ustaz ya waiwaya. Hannunsa ya tashi, ya tuna dokarsa, ya mayar.

"Kun gani?" in ji shi. "Har ƙwari sun san daraja. Ziyara ya zo."

Mai ziyarar ya koma ya kirawo danginsa. Suka kewaye tarihi, suka yi shawara, suka ɗaga shi. Muna tsaye hannu a baya, muna kallon ɗigon yana barin tauraro, yana tsallake shekarar bugu, ya nufi gefe. Wani a bayana yana kukan dariya ta hanci.

"Ustaz," in ji Dakta Wijdan a hankali, "wane nau'in za mu tabbatar? Na ɗazu ko na yanzu?"

Hajji Tu'uma ya sunkuya yana bin ayarin da ido.

"Riɗi ne da zumar dabino, Ustaz. Amma kar ka damu, na asali ne. Ba bugun baya ba."

Dakta ta nemi izinin ɗaukar kwabon, tunda babu sauran abin da za a tsare. Ta juya shi sau ɗaya, ta ce irinsa ake sayar wa baƙi cikin kwando a kasuwa, kuma an buga shi ne bayan Turkawa sun daɗe da tafiya. Ta dubi na Hajji Tu'uma kuma, ta ce wannan na asali ne mai daraja, ya ci gaba da ɓoye shi a ƙyalle.

Kada wani ya ce burin Limamin Tagulla bai cika ba. Suna ya nema wanda ba ya mutuwa, kuma ya samu. Yau ko'ina ka je cikin masu tara kwabo, daga Basra har Mosul, in aka ga wani abu ya manne a jikin kwabo, sai ka ji an ce:

"Dakata, kar ka yi murna. Akwai Muzaffar a jiki, bari in goge."