Rasuwar Tsattsewa a Kwanar Kurmin Kogi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yau haushi bai bar ta ta huce ba, Muhsin Jumare na Ikara yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsa, ja mai ƙofa biyu, wadda aka fi sani da Tsattsewa. Ta cika ranar Laraba da hantsi a kwanar Kurmin Kogi, tana da shekara goma sha tara a duniya, uku daga ciki a hannunsa.

Marigayiyar ba ta taɓa ɗaukar buhun masara ba. Mutum biyu take ɗauka, na biyun ma sai ya naɗe ƙafa. Idan ta taso daga Makarfi, mutanen Nasarawan Doya kan ji "wuuum" ɗinta tun kafin su gan ta. Aibinta ɗaya ne: in ta shiga kwana da gudu sai ta karkata, kamar jakin da aka cika wa mangala gefe guda. Burin Muhsin bai wuce ya ga ta sha kwanar Kurmin Kogi a miƙe ba.

Sai ya kai ta wurin amininsa, Tukur bakanike, wanda suka taso tare tun suna wasan ƙasa. Wata biyu suna zaɓe: shokabzoba mai tauri ko mai laushi, ƙarfen hana tangaɗi mai kauri ko siriri, taya mai faɗi ko madaidaiciya. A ƙarshe Tukur ya cire mata sifirin huɗu na asali, ya sa gajeru masu tauri. Ta sauko har cikinta ya kusa shafar ƙasa. "Yanzu kam, mutumina," in ji Tukur, "ko kofin shayi ka ɗora mata, ba zai zube ba."

Bai yi ƙarya ba. Mako guda ta yi tana shan kwanar kamar an ja layi da alƙalami. A cikin makon ta kuma take zabi bakwai na Kawu Lado, yayan mahaifiyar Muhsin, wanda gidansa ke daidai bakin kwanar. Kawu bai yi faɗa ba. Gayya ya kira. Ran Talata da la'asar aka tara jar ƙasa da marmara, aka ja tudu daga wannan bakin titi zuwa wancan, aka yayyafa ruwa aka daɓe.

Binciken da iyalan marigayiyar suka gudanar ya tabbatar da cewa Tukur, wanda ke auren 'yar Kawu Lado, ya halarci gayyar. Shi ya riƙe shebur. Duk faɗin ƙaramar hukumar shi kaɗai ya san tazarar da ke tsakanin cikin Tsattsewa da ƙasa, yatsu huɗu, kuma shaidu uku sun ce shi ya ba da shawarar a ƙara kwano biyu. Bayan sallar magariba ya haɗu da Muhsin, suka gaisa hannu da hannu, har ya tambayi lafiyar mota.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Ta ce "ƙarrr," sannan "tak, tak," sannan ta yi shiru. Tudun ya farke mata ciki, baƙin mai ya tsiyaye, injin ya ƙame. Waɗanda suka ga abin sun shaida cewa har ta cika ba ta karkata ba. Kawu Lado ne ya fara zuwa gaisuwa. "Sannu, ɗan nan," ya ce. "Ai da tana nan da tsayinta na da, da ta haye."

Ta rasu ta bar sifirin huɗu na asali, waɗanda ke cikin ƙoshin lafiya a ƙarƙashin tsohuwar motar hayar wani direba, Gambo, suna haye tudun sau shida a rana. Ta bar safaya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da makulli biyu, da Muhsin, wanda yanzu acaba yake hawa.

Za a ɗauko gawar ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Shanun noman Kawu Lado ne za su ja ta zuwa wurin 'yan gwangwan a Ikara, shi da kansa ya ba da aronsu. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gidan Jumare har kwana uku. An roƙi Tukur kada ya wahalar da kansa. In kuwa ya matsa sai ya zo, to ya taho da shebur ɗinsa, ya ƙarasa aikin da ya fara.