Cizal Mai Ƙyalli da Kujerar Amarya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka fito da kayan ɗakin 'yata ta fari ba. Ko ni na so in manta, mutanen layinmu a Kakuri ba za su yarda ba, don har yau in na isa majalisa sai wani tsoho ya matsa ya ce, "Bismillah, ga benci, amma a zauna a hankali." Sai a bushe da dariya, ni ma in taya su, tunda ba yadda zan yi.

Bari in ɗauko muku zancen daga tushe. Mahaifinmu masassaƙi ne a ƙauye, kuma duk 'yar da zai aurar sai ya sassaƙa mata kujera 'yar tsugunne da hannunsa, daga kututture guda, ba ƙusa ba haɗi. Ni ban gaji sana'ar ba. Gudowa na yi Kaduna lokacin da masaƙu ke tashe, lokacin da in jiniyar tashi ta yi kuka za ka ga kekuna sun cika titi maƙil, masu ƙosai da masu shayi kowa na ciniki, Bahaushe da Ibo da mutumin Binuwai ana cin abinci a kwano ɗaya. Kai, Kakuri ta yi zamani! Aikina zuba wa inji mai da ɗaure noti, amma Injiniya ake ce mini (gaskiya ni na raɗa wa kaina, mutane kuma suka ɗauka). Da masaƙa ta rufe sai na koma tsaron ɗan shago a ƙofar gida.

To, ita wannan yarinya 'yar fari ce, kun kuwa san halinmu. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. In ta ci jarrabawa sai dai in ce wa uwarta, "Yarinyar nan ta yi ƙoƙari." Ina son ta kamar raina, amma bakina bai san hanyar faɗa ba. Da aka sa ranar aurenta sai abin ya tsaya mini a rai: za ta bar gidan nan ba ta taɓa riƙe wani abu da za ta ce wannan daga hannun babana ya fito ba. Gado da katifa ai kowa na saye a kasuwa. Sai na ƙudurta zan yi mata kujera irin ta Baba.

Gizagon Baba yana wurina, shi kaɗai na gada. Abin da ya rage cizal, wanda zan rarake tsakanin ƙafafu da shi in fitar da ado. Na hau keke mai ƙafa uku zuwa Sabon Tasha wurin Emeka, abokin aikina tun masaƙa, wanda yanzu yake sayar da kayan kafintoci. Muka rungume juna, muka tuna wane da wane, wasu sun mutu wasu sun koma gida. Da na gaya masa abin da ya kawo ni sai ya jawo wani tsohon kwali daga ƙarƙashin tebur ya zaro cizal guda uku 'yan gwanjo, baƙaƙe, duk tsatsa, ƙotar ɗaya ma ta tsage an ɗaure da waya.

"Injiniya, ɗauki waɗannan," ya ce da Hausarsa ta 'yan Kaduna. "Mai koyo uku sun ishe shi, mai faɗi, mai kwarmi da ƙarami. Ka ga?" Ya goga magagari a bakin ɗaya, magagarin ya zame bai kama ba. "Ƙarfe ke nan. Ka wasa shi sau ɗaya ya daɗe yana ci. Kuma ka fara da itace mai laushi, don Allah."

Ni kuwa idona yana can saman kanta. Wani akwati ne mai murfin gilashi, an shimfiɗa masa jan ƙyalle a ciki, cizal dozin guda jere reras daga babba zuwa ƙarami, suna ƙyalli kamar cokulan amarya. Na ce ya sauko mini da shi.

"Wannan na ado ne, ɗan'uwa. Ina sayar wa masu son rataye wa a ofis."

Na ce, "Emeka, ni za ka gaya wa ƙarfe? Rabin rayuwata a cikin ƙarfe na yi ta." Na ɗaga ɗaya na ƙyasta shi da farce a kusa da kunnena (wallahi ban san me nake saurare ba, na dai taɓa ganin wani ya yi haka), na gyaɗa kai na ce, "Wannan ne." A raina kuma cewa nake, kayan auren 'yata ba za a yi shi da tsatsa ba. Emeka ya ɗaga kafaɗa ya naɗe mini, har ya ƙara mini ruwan sanyi.

Batun itace mai laushi ma ban ji ba. Ƙirya na sa aka kawo mini, don da ita Baba yake yi, ita kuwa ƙirya taurinta sai wanda ya taɓa. Da gizago abin ya tafi daidai, har na fara jin jinin masassaƙa yana motsi a jikina. Ranar da na buɗe akwatin nan na ɗora babban cizal na sauke masa guduma, sai bakinsa ya naɗe kamar murfin gwangwanin madara. Na ce wannan ne aka samu mai matsala. Na biyu ya lanƙwashe. Na uku ƙotarsa ta rabu biyu a hannuna. Na wasa, na buga, na sake wasawa, itace ko gezau, sai dai ya yi ɗan fari a wurin. Da hankali ai sai in koma Sabon Tasha. Amma da wane ido zan kalli Emeka?

Haka na yi ta fama kowace safiya a bayan shago, tun da cizal ba ya yanka sai na koma ƙarfin tsiya. Ana saura 'yan kwanaki biki, ina rarake gindin ƙafa ta huɗu, na ɗaga guduma na maka, cizal ya zame, sai ji na yi ƙas! Ƙafar ta ɓalle ta yi gefe. Na zauna na riƙe kai. Lokacin sake wata ya wuce. Sai Injiniya ya yi dabara: na kwaɓa gam da garin katako, na liƙa ƙafar, na shafe kujerar duka da baƙin fenti. Da ta bushe, ko ni sai na duba sosai nake gane wurin.

Ranar jere aka fito da kaya tsakar gida ana jiran akori-kura. Gida ya cika da mata, dangi da maƙwabta, har da matar Emeka da 'yan cocinsu da suka zo taya mu, ga kuma dangin ango da suka zo rakiyar kaya, babbarsu wata Hajiya, yayar mahaifinsa. Uban amarya ba shi da aiki a wurin nan. Kamata ya yi in yi nesa, surukai ne fa. Amma na ɓuge da kai-komo a bakin zaure cikin babbar riga, wai ina duba masu lodi, alhali so nake in ji abin da za a ce.

Yayata Ladi, wadda ba a haife ta da sirri ba, ta ɗaga kujerar sama ta ce, "Jama'a, ku gani! Uban amarya ne ya sassaƙa da hannunsa, irin ta mahaifinmu!" Wata ta rangaɗa guɗa. Hajiya ta karɓa ta jujjuya ta ce, "Ma sha Allah. Ashe har yanzu ana yin irin wannan? Tana da ƙwari kuwa? Na yanzu duk kwalliya ce."

Da na yi shiru da shi ke nan. Amma ina! Sai ga ni a tsakiyar mata ina cewa, "Hajiya, ƙirya ce, kututture guda. Jikokinta ma za su gada." Na karɓa na dire ta a ƙasa, na tattare babbar riga, na zauna da dukkan nauyina don a gani.

Abin da na fara ji ɗan ƙara ne, kamar an taka busasshen kara. Daga nan sai ganin sararin sama. Na yi baya tim, ƙafafuna biyu a sama, riga ta rufe mini fuska, hulata ta gangara ta faɗa cikin bahon wanke-wanke. Mai guɗa ta katse a tsakiya. Matar Emeka ta kurma ihu da yarensu, wasu na salati. Ƙafar kujerar kuwa ta mirgina har gaban Hajiya, ta duƙa ta ɗauka, ta dubi busasshen gam ɗin nan, ta ce a hankali, "Sannu, Malam. Allah ya kiyaye gaba." Wannan sannun ta fi faɗuwar ciwo. Yaya Ladi tana ɗaga ni tana dariya har da hawaye, wai "Baba dai bai taɓa gwada tasa a gaban surukai ba." Na shige shago na rufo ƙofa, na ce a jefa kujerar cikin itacen girkin biki.

Washegari da yamma, da za a kai amarya, Yaya Ladi ta kawo mini ita a lulluɓe don in yi mata nasiha kamar yadda aka saba. Na haɗa 'yan kalmomi a kan haƙuri da biyayya, kaina a ƙasa, don na san labari ya kai mata. Na gama, an ce ta tashi, ta ƙi tashi. Can daga cikin mayafi na ji ta ce, "Baba, kujerata ba a kai ba."

Na ce, "Ai ta karye."

"Na sani. Ni na tsamo ta daga cikin itace, tana bayan randa. Kullum da safe ina jin ka kana bugawa." Ta ja hanci. "Ita nake so."

Jama'a, ni da ban yi kuka ranar da aka rufe masaƙa ba, sai da na juya na fuskanci bango. Yaya Ladi ma wannan karon ba ta yi dariya ba, ta je ta ɗauko kujerar ta riƙe a cinya har gidan ango.

Bayan biki na saci jiki na koma Sabon Tasha. Emeka ya jawo tsohon kwalin nan yana murmushi, don matarsa ta riga ta ba shi labari da hannu da ƙafa. Da baƙaƙen nan uku na koya, a kan itace mai laushi, har hannuna ya faɗa. Daga baya na sassaƙa wata kujerar mai kyau, kututture guda da gaske, na kai mata Unguwar Boro inda suke zaune na ce a yi musanya. Ta karɓi sabuwar ta gode, ta hana ni tsohuwar. Tana nan a kusurwar ɗakinta an tokare ta da bulo, yaranta kuma duk baƙon da ya nufe ta sai su ce, "Kar ka zauna, ta Kaka ce!"

Ni dai abin da na koya shi ne, in za ka sayi cizal, ka bar magagari ya zaɓa maka, kada ka bar wa ido. In kuma har ka yi aikin gam, to ka gwada shi a ɗaka, ƙofa a rufe, ba a gaban yayar uban ango ba.