Ɗakin da na gyara wa Isuhu

Ba zan taɓa mantawa da ɗarin farko da na yi a Illela ba, ko da yake na so ƙwarai in manta. Lokacin sabuwar malamar lakwal ce ni, wato makarantar boko, kuma sabuwar amarya. Mijina Isuhu soja ne, an tura shi can gabas tun kafin kaka, ya bar ni a gidan haya ni kaɗai, daga ni sai iskar da ke kutsowa ta tsagar taga.

Ana cikin haka ya kira ni a waya ya ce za a ba su hutu, in sa ido ranar Juma'a. Mai karatu, da ka gan ni a makon nan da ka rantse gwamna zan tarba. Na cusa tsofaffin zannuwa a kowace kafa ta taga. Na sa aka zuba sabon rairayi a tsakar gida, na shimfiɗa tabarma a ɗaki, na ɗora darduma, na ɗora bargon aurena mai hoton damisa (wanda har lokacin ban taɓa fiddo shi daga leda ba). Fitilar ɗakin tana da farin haske kamar na ɗakin likita, sai na lulluɓe ta da jan ɗankwali don ta yi laushi. Duk abin da na ajiye sai in ja da baya in duba, in tambayi kaina ko nan zai so ya miƙe ƙafa.

Ranar Juma'a da la'asar na cika kasko da garwashi, na barbaɗa turaren wuta, na dama kunun gyaɗa na rufe. Na yi wanka, na yi kwalliya, na zauna ina kallon gurbinsa a kan darduma. Ɗakin ya yi ɗumi, ya yi tsit, har ina jin ƙarar garwashi.

Can sai na ji kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida. Aka yi gyaran murya, aka yi sallama. Muryarsa ce, wallahi, har da 'yar shaƙewar nan. Ban ko nemi mayafi ba, na ware murya daga cikin ɗaki:

"Isuhuna! Sojana! Sallamar mi kake yi kamar baƙo? Shigo mana, na ɗumama maka ɗaki, ni ma ɗari ya kusa kashe ni!"

Na yaye labule da hannuwa biyu a buɗe.

Baban Isuhu ne. Tsaye yake da rawaninsa, buhun albasa a gefen ƙafarsa, ya taso tun daga Badaguishiri. (Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa uba da ɗa muryarsu ɗaya.) Ni da ko sunan ɗansa ban taɓa kamawa a gabansa ba, yau ga ni na kira shi da ƙarfi, na kuma yi masa ƙari. Hannuwana suka tsaya a sama, na rasa inda zan kai su. Daga ƙarshe na durƙushe, na jawo labulen na rufa a kaina.

Baba ya kafa wa buhun albasa ido kamar ranar ya fara ganin albasa.

"Ɗiyata, ni na," ya ce a hankali. "Ina wuni?"

Ban san abin da na amsa ba. Na dai san na ce ya shigo, don iska na kaɗa shi kuma yana tari. Ya zauna daidai gurbin da na tanada. Na zuba masa kunun, kaina a ƙasa. Sai da ya sha rabi sannan ya ce:

"An ɗage masu hutun. Ya kasa hwaɗa maki da kainai, shi ya sa ya ce in taho."

Nan kunya ta ɗan matsa gefe, wani abu mai nauyi ya zauna a wurinta. Hawaye suka wanke kwallin da na ɓata lokaci ina zizarawa. Baba bai ce in yi haƙuri ba. Ya miƙa tafin hannunsa saitin kasko, ya daɗe yana duban ɗakin.

"Haka uwatai ka gyara ɗaki in ɗari ya shigo, Allah shi jiƙanta," ya ce. "Tun da ta rasu ban sake zama wuri mai ɗumi haka ba."

Muka ci gaba da jin ɗumi, kowa da wanda yake kewa. Kafin a kira magariba ya jingina da bango, barci ya ɗauke shi, ni kuma na ja bargon na rufa masa ƙafafu.

Isuhu bai samu zuwa ba sai da bazara, lokacin da ko kallon bargo mutum ba ya so. Da ya shigo yana ta murmushi na gane labari ya riga ya kai masa. Har yau, duk ranar da muka je Badaguishiri, daga bayan ƙyaure nake gaida Baba.

Abin da na koya kuwa: komai tsananin kewa, in aka yi sallama, a fara amsawa da "wa'alaikumus salam", a leƙa a ga fuska. Sauran magana ba za ta huce ba.