Ranar da Na Ce a Sake Ɗaurin Aure

Ko zan manta da komai a sana'ar nan ta ɗaukar fim, ban da ɗaurin auren da aka yi a garin Kabo. Lokacin aikina bai wuce saɓa ƙafar kyamara da naɗe waya ba, sai maigidana, wani furodusa ɗan Gwarzo, ya ce ni zan ɗauki bikin ƙaninsa. In aiki ya yi kyau, ni zan riƙe kyamara a sabon fim ɗinsa. Wayyo daɗi! Tun daga Kano na rungume kyamarar nan a cinya kamar jaririya, har na buga wa Inna waya na ce ɗanta ya zama babban mutum.

A ƙofar masallaci na kafa kaya, ina ta kai-komo ina gyara wa dattawa zama (ni da ko gemu ban tara ba). Wakilin ango ya nemi aure, na saita fuskar waliyyin amarya, wani tsoho mai kwarjini. Haske ya zauna daram, raina fes. Yana buɗe baki zai ce ya bayar, sai wani Alhaji ya miƙe da babbar rigarsa ya rufe min gaba ruf. Ba abin da nake gani sai shadda.

Wallahi ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba, kamar yadda muka saba a wurin ɗaukar fim.

"Kat! A sake daga farko!"

Liman ya dube ni ta saman tabarau. Ni kuwa (Allah ya shirye ni) har da ƙarin bayani, wai Baba waliyyi ya ɗan juyo hagu.

Tsohon ya ce, "Yaro, sau ɗaya nake ba da 'yata. In kai ba ka gani ba, shaidu sun gani."

Jama'a suka kwashe da dariya, har liman. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Maigidana ya jawo hula ya rufe fuska, na ce shi ke nan, fim ya wuce ni.

Sai da muka kusa Kano, sannan maigidana ya ce wanda ya iya tsayar da liman saboda hoto, 'yan wasa ba za su gagare shi ba. Ya ba ni aikin, da sharaɗin kada ƙafata ta ƙara taka bikin danginsu.

Yau manyan jarumai nake sawa su maimaita kuka har ya yi min. Amma in aka gayyace ni ɗaurin aure, can baya nake zama, in karɓi gorona, kuma ba abin da ke fita bakina sai amin.