Dattijo Jethro Ya Shiga Ɓoye

Duk kudancin kogin Kaduna, daga Kakuri har Barnawa, ba a yi gwanin addu'a kamar Dattijo Jethro ba. Ba sai an tambayi kowa ba, shi da kansa ya sha faɗa. In ya ce "mu rufe ido," wadda ta bar tukunya a wuta gara ta je ta sauke tukuna. Daga Adamu yake farawa, ya bi annabawa ɗaya ɗaya yana gaishe su, sannan ya tuna wa Ubangiji duk alkawuran da ya yi, don kada a manta. Matasan ikilisiya suna kiransa Amin-Sai-Gobe. Da sunan ya iso kunnensa, sai ya ce ai dama itace mai 'ya'ya ake jifa.

Tun yana aiki a masaƙa tsohon Fasto ya naɗa shi shugaban ƙungiyar addu'a. Kujerar ba ta da albashi, amma tana da makirufo, shi kuwa Dattijo ya fi son makirufon nan da abincin rana.

Ana nan sai soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, zazzaɓin zaɓe ya kama kowa har 'yan acaɓa. Dattawan ikilisiya suka ce su ma daga yau kowane muƙami sai an ɗaga hannu, suka sa ranar Lahadi bayan sujada. Kujerar Dattijo ma tana ciki.

Kamar wannan bai isa ba, sabon Fasto, wani matashi mai suna Joshua, ya yi wa'azi a kan koyarwar Yesu game da addu'a: kada a tsaya inda mutane za su gani su yaba, kada a tara surutu, mutum ya shiga ɗaki ya ja ƙofa, Uban da ke gani a ɓoye ya ishe shi. Rabin majami'a ƙeyar Dattijo suke kallo. Shi kuwa ya fi kowa gyaɗa kai, yana tausayin waɗanda ake yi da su.

Bai kwana ba sai da ya fitar da buhunan masarar matarsa Damaris daga sito. Ya sa mai fenti ya rubuta allo da manyan baƙaƙe, Ɗakin Addu'ar Ɓoye, aka kafa inda mai wucewa a titi zai iya karantawa. Ranar Laraba a taron addu'a ya karɓi makirufo.

"'Yan'uwa, ni ba na son a sani. Amma daga jibi zan shiga ɓoye, daga ni sai Ubangiji, ba ci ba sha. A Makera ne, gidan da ke bayan injin niƙa, mai jar ƙofa. Kada kowa ya zo. In ma mutum ya zo, ta wajen taga an fi ji."

Dattijo ba yaro ba ne, yana da dabara. Ya lura lokacin kamfen yadda manyan 'yan takara ke zama a gida sai an zo an roƙe su, su fito suna cewa jama'a ce ta matsa. Don haka ya kira surukinsa Nelson ya karanta masa darasi. Da an zo zaɓe, Nelson zai miƙe ya ce ina mutumin Allah, a je a ɗauko shi. Ikilisiya za ta taso da waƙa, a tarar da shi a durƙushe, ya ƙi fitowa sau ɗaya ko biyu, sannan ya haƙura saboda tawali'u.

Ya shiga ɓoye kuwa, unguwa ta shaida, don mai injin niƙa ma sai da ya yi ƙorafin ƙara. Abin da ya ɓoyu da gaske shi ne kwanon gwaten da Damaris ke miƙa masa ta taga.

Ranar Lahadi ya sa kwat, ya ajiye matashin kai a ƙarƙashin gwiwa, ya juya ɓangaren fuskarsa da ya fi kyau wajen ƙofa. Rana ta take, gwiwa ta fara magana, shiru. Can sai ya jiyo muryoyin Zumuntar Mata, da kiɗan tulu da caki, suna nufo layin. Daɗi ya kama shi. Ya ɗaga hannu sama ya buɗe murya.

"Ya Ubangiji, ka san ba na son girma! Ka hana su, ka mayar da su! Amma in sun nace, wane ni in ƙi mutanenka?"

An amsa rabin farko na addu'ar. Waƙar ta zo daidai jar ƙofa, ta wuce, ta yi ƙasan layi.

Damaris ce ta turo ƙofar, da ɗankwalin zumunta a kanta, ta ba shi labari tana cire takalmi. Nelson ya miƙe ya faɗi nasa daidai yadda aka koya masa. Fasto ya tambaya wa zai je ya ƙwanƙwasa ƙofar da Maganar Allah ta rufe, ba wanda ya motsa. Shugabar mata ta ce alhaki ne a ɗora wa mutumin da ya kai wannan matsayi wahalar makirufo. Aka zaɓi Malam Nuhu na ƙasan layi, shi ake rakawa gida. Ikilisiya kuma ta aiko da gaisuwa, ta ce ya ci gaba, kada ya fito saboda su.

"Hannu nawa aka ɗaga masa?" in ji Dattijo.

"Duka, Baban Hope."

"Har da naki?"

"Kai ka ce kada a dame ka."

Ta fita ta ja masa ƙofa. Dattijo ya daɗe a durƙushe, don gwiwar ta ƙi miƙewa. Daga baya, cikin wata 'yar murya da ko ƙadangaren bango bai ji ba, ya ce, "Ya Ubangiji, ka taimake ni in tashi."

Ita ce addu'arsa ta farko da ba ta da 'yan kallo, kuma amin ɗinta bai kai gobe ba.