Yadda Na Ƙara wa Mai Girma Tsawo

Jama'a, ku taya ni murna kafin ku yi mini jaje. Ranar Talatar nan, ni Imran, wanda ko ƙusa ba ya iya bugawa daidai, na ƙara wa wani babban mutum tsawon kamu guda ba tare da na taɓa jikinsa ba. Har yanzu in na tuna, dariya kan nemi ta jefo ni daga keke napep.

Akwai wata cibiyar koyon kwamfuta a nan Bulumkutu. Sau biyu ana buɗe ta, kowane karo da rumfa da lemo, ranar Talata kuma aka shirya buɗewa ta uku, don Mai Girma Mai Almakashi bai samu halartar na baya ba, kuma bai dace gini ya zauna a buɗe ba da saninsa ba. Kwamfutoci ashirin ne a ciki, duk suna aiki da Linux, tsarin nan na kyauta da kowa ke iya leƙa cikinsa ya gyara. Mai koyarwa a wurin ita ce Muhsinat. Ba zan kwatanta muku ita ba, shafin nan ya yi kaɗan. Ku dai sani mata talatin ne ke jiran fara darasi a hannunta, ni kuma wata huɗu ke nan ina jera kujerun cibiyar don kawai ta ce mini sannu da aiki.

Da safiyar ranar, ina ta latse-latse, sai na ga kwamfuta tana yi mini tayin direban hoto na kamfani. Wata ƙaramar manhaja ce da ke gaya wa na'ura yadda za ta zana hoto a allo. Na kamfanin a rufe yake ruf, ba mai ganin abin da ke ciki, amma an ce hoto yana fita tas.

Thomas, mai kula da injunan, ya ce, "Malam Imran, na kyautar nan yana aiki. Ka bar shi."

Na ce, "Oga Thomas, aiki daban, kyau daban."

Na faɗi haka ne da ƙarfi saboda Muhsinat tana bayana. Kuma saboda tana bayana, ban tsaya a kwamfuta ɗaya ba. Duka ashirin na bi, da datar wayata, tunda intanet ɗin cibiyar nasa bikin buɗewar sai baɗi.

Muka kashe, muka kunna. Baƙi ƙirin. Can sai alluna suka farfaɗo, amma komai ya miƙe sama kamar an ja shi da igiya. Da'ira ta koma ƙwai, haruffa suka zama sandunan rake, ƙasan allon kuma ya ɓace gaba ɗaya, tare da wurin da ake latsawa a ajiye aiki. Thomas ya zauna zai cire abin, sai ga jiniya. Mutumin da bai taɓa zuwa taro a kan lokaci ba, ranar ya zo da wuri.

Mai Girma, Allah ya ƙara masa lafiya, mutum ne da Ubangiji ya yi wa baiwar faɗi. Ya yanke ƙyalle, ya shigo, ya ɗaga kai ya ga hotonsa da aka sa don maraba a babban allon da ke haɗe da kwamfuta: dogo, siriri, hularsa tana neman taɓa silin. Ni na fara salati a zuci.

Ya ce, "Wa ya yi wannan aikin?"

Yatsu fiye da goma suka nuna ni.

"Ka ga matasan da muke nema! Shekara nawa masu ɗaukar hoto suna cutata, yau kimiyya ta faɗi gaskiya."

Aka yi tafi. Aka ɗauke ni hoto da shi. Kafin azahar an manna takarda mai hatimi a bango: ba wanda zai sauya yadda hoton Mai Girma yake fitowa a allunan nan.

Na juyo ina jiran sannu da aiki. Muhsinat ta ce, "Imran, ɗalibaina za su rubuta wasiƙa ba wurin ajiyewa. Ka ce za ka zo gaida Babana ranar Juma'a, ko? Kada ka wahalar da kanka sai allunan nan sun dawo."

Na koma gida. Maƙwabcina Ba'ana, mai sayar da huluna, ya tare ni da wayarsa, hoton Mai Girma na allon har ya zagaye gari.

"Wushe, sannu injiniya! Hular nan a wurina aka saye ta, wallahi ba ta kai haka ba. Mutum uku sun zo neman irinta."

Na ce, "Ba'ana, aurena ne ke rushewa."

Ya ce, "To kafin ya rushe, gaya mini inda ake ɗinka ta."

Washegari na iske Muhsinat tsaye gaban takardar tana karantawa a hankali. Ta ce, "Hotonsa aka ce kada a sauya. Ba a ce komai a kan direba ba. Thomas, cire shi. Kai kuma mai son kyau, ɗauki hoton ka ja shi sama da hannunka."

Haka aka yi. Thomas ya mayar da na kyauta, da'ira ta koma da'ira, ni kuma na buɗe manhajar gyaran hoto na miƙar da Mai Girma har sai da ya kai yadda ya saba tun jiya. Mai riƙe masa jaka ya zo dubawa, ya tsaya ya auna da ido, ya ce ana bin umarni. Mata talatin suka rubuta sunayensu, suka ajiye. Wata dattijuwa ta yi guɗa. Ni ma saura kaɗan.

Da za ta fita, Muhsinat ta ce, "Juma'a bayan la'asar. Amma ko talabijin ɗin Baba ya yi maka tayi, kada ka amsa." Jama'a, ban san da ƙafa na koma gida ko da fiffike ba!

Zuwa yanzu manya uku sun aiko da hotunansu a ambulan. Ɗaya ya ce a ɗan ɗara shi a kan Mai Girma, amma kada Mai Girma ya ji.